Wanda Aka Tarar a Cikin Sabar

Wari ne ya fara dukan hancin injiniya, irin na mushen ɓera. Dare ya yi, kowa ya tashi daga aiki, ɗakin na'urorin kuma sanyi kamar firji, to me zai ruɓe a nan? Ya toshe hanci ya ci gaba. Tsohuwar sabar ce ya sayo, wato babbar kwamfuta mai ɗaukar shafukan intanet, ya share duk bayanan da ke cikinta tas, yana yanka wa kowane mai shafin intanet ɗakinsa a ciki: kantin magani, makaranta, mai takalma. Gobe dole shafukan su buɗe.

"Sannu da aiki, ɗana."

Wani tsoho ne tsugune a bayan na'urar, yana lasar ƙurar fankarta.

"Baba, wa ya buɗe maka? Bari mana, wannan ai ƙazanta ce."

"Kowa ka ba shi ɗaki. Ni da ka tarar a ciki, ka share nawa."

Injiniya ya ja baya ya dafa kibod, ya ji danshi, ashe tsutsotsi ne ke ɓullowa tsakanin maɓallai. Sai ya lura harshen tsohon bai daina lasa ba. Muryar daga cikin sabar take fitowa.