Ɗakin Marasa Kowa

Ranar da Tasalla ta fara ganin Lauwali, yana durƙushe ne gaban wani tsoho, yana ɗiga masa ruwa a baki da cokali.

A shekarun bayan yaƙin basasa, akwai wani ɗaki a bayan ƙaramin asibiti a Kazaure. Nan ake kwantar da waɗanda likita ya ce sai dai addu'a, kuma ba su da mai ɗaukar su zuwa gida. Tasalla ta zo ne duba Inna Dela, aminiyar marigayiya mahaifiyarta, wadda ta tsufa ba ɗa ba jika.

"Sannu da aiki, malam. Kakanka ne?"

Ya ɗago ya yi murmushi. "A'a. Hamma sunansa, makiyayi ne, fari ya cinye masa shanu. Ni tela ne. In na tashi daga keke nakan zo in zauna da su, don aikin ya yi wa nas ɗin nan, Sista Veronica, yawa."

"Me ya ja ka?"

"Na taɓa kwanciya ciwo a baƙon gari. Na san yadda idon mutum ke maƙalewa a bakin ƙofa."

Maganar ta bi ta har gida. Tun rasuwar mahaifiyarta, daga ita sai mahaifinta Malam Mamuda a gidan, sai rediyon da ke ta magana shi kaɗai. Shi ma Lauwali maraya ne daga Gwiwa, a shagonsa yake kwana.

Ta soma zuwa kullum da kunu a kwano. Ita ke yi wa Inna Dela kitso, shi ke yanke wa maza farce. Ranar da Hamma ya cika, Lauwali ne ya bi gida gida yana neman masu sallar gawa. Da ya dawo ya zauna a dakali.

"Yaya Lauwali, ka ci wani abu kuwa?"

"Ganinki ya ishe ni, Tasallata."

Ta sunkuyar da kai. "Gani ba ya ƙosar da ciki. Ungo."

Da ya aiko da manya neman izinin zance, Malam Mamuda ya ƙi.

"Yaron da bai da aiki sai rakon masu mutuwa? Wata rana tarin fuka zai kwaso miki. Ga Haladu nan, akawu, ɗan gidan mutunci."

Haladu kuwa ya zo da sabon babur da magana a baki. "Kin ɗauka don Allah Lauwali ke zuwa asibiti? Duk gari an san don nas ɗin nan ne."

Tasalla ta tuna yadda Lauwali da Sista Veronica ke dariya in suna juya marar lafiya. Da mahaifinta ya ce ta tafi Roni wurin goggonta, ba ta yi musu ba, ba ta kuma yi wa kowa sallama ba.

Zaman Roni ya yi mata tsawo. Ta yi ta ɓarar gyaɗa a tsakar gida, tana jin kukan kurciya, ba mai kiran sunanta yadda take so. Wata ranar kasuwa, rediyon maƙwabta na karanta katin gaishe-gaishe, sai ta ji:

"Daga Lauwali tela a Kazaure, zuwa ga Tasalla a Roni. Inna Dela tana cigiyarki, jikin ya yi nauyi. Ni ma ina cigiyarki, sanyin idona. In na yi laifi, a gaya mini shi."

Ta roƙi goggonta, ta hau motar da ta fara samu.

Sista Veronica ce ta tare ta a ƙofa. Da Tasalla ta faɗi abin da Haladu ya gaya mata, sai Sista ta riƙe baki. "Ni? 'Yar'uwa, bikina da Barnabas na nan tafe a Kirsimeti. Lauwali kuwa tun da kika tafi ko dariya bai yi ba."

Lauwali ya matsa ya ba ta wuri. Ta ɗora kan Inna Dela a cinyarta.

Labarin dawowarta ya kai wa Malam Mamuda, ya taho a fusace. A bakin ƙofa ya tsaya. 'Yarsa na riƙe da hannun tsohuwar, Lauwali na gefe yana maimaita mata kalmar shahada a hankali, leɓɓanta na bin sa. Wannan matar ce ta yi jinyar matarsa har ta koma ga Allah, ga ta nan a ɗakin marasa kowa. Ya cire takalmi ya shiga, ya zauna a ƙasa. Suna tare su uku ta cika.

A hanyar dawowa daga maƙabarta ya kira Lauwali.

"Kai, yaro. Wa ke taya ka a ɗakin can?"

"Ba kowa, Baba, sai Tasalla."

Dattijon ya dafa kafaɗarsa. "Ka ba ni Juma'a, ni zan zauna da su. Kuma ka ce manyanka su dawo."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Kafin a raba goro Malam Mamuda ya miƙe.

"Jama'a, akwai bayin Allah a bayan asibiti da ba su da mai miƙa musu ruwa. Ba magani ake nema a wurinku ba, zama kawai. Allah ya saka wa masu yi, mai iko kuma ya ɗauki rana."

Mai shayi ya ɗauki Asabar, matan unguwa suka ɗauki kunun safe.

Da 'yan rakiya suka watse, Lauwali ya ce, "Amaryata, daga yau akwai mai jirana a gida."

"Akwai," in ji ta. "Amma gobe tare za mu je."

Allah ya sanya albarka a auren, ya ba su zuriya mai jinƙai.