Shekarar da Ƙanzo Ya Ɓace a Sabuwar Funtuwa

Hannun ƙarfe na farko ya ɗauko gwiwar ƙarfen daga kan bel ɗin da ke kawo kaya, na biyu ya juya ta a hankali, na uku ya feso mata wani hazo mai laushi wanda ido ba ya gani sai an haska shi da shuɗiyar fitila. Babu ƙara, babu ƙura, babu mai atishawa a kan aiki. Kafin mutum ya kurɓi shayi sau biyu gwiwa ta fito tana ƙyalli, wata ta shiga. Shafau ke nan, injin shafi na Masana'antar Gaɓoɓi da ke Sabuwar Funtuwa. Ta bayan gilashi kuma Injiniya Lurwanu Tsiga ne zaune yana kallonsa, yana murmushi kamar shi ya haife shi.

Duk abin da likita zai dasa a jikin mutum sai an yi masa shafi, kuma shafin iri biyu ne. Akwai shafin santsi, wanda ake yi wa inda gaɓa ke gogar gaɓa, don kada jini ya daskare a wurin ko ƙwayar cuta ta sami maƙalewa. Akwai kuma shafin kamu, mai kaushi kamar bayan dutsen niƙa, wanda ake yi wa inda ƙarfe zai haɗu da ƙashi, don ƙashin ya tsiro ya riƙe shi. A da da hannu ake yin wannan aiki. Nan ya yi kauri, can ya yi shara-shara, a zubar da rabin kaya, masu fesawa kuma su tsufa da tari. Zuwan Shafau ya kawo ƙarshen duk wannan. Shafinsa bai ɗaya ne tun daga gwiwar safe har ta yamma, ba ya gajiya, ba ya zuwa aiki da fushin gida. Tsofaffi da yawa sun jingine sanda a bayan ƙofa saboda shi. Ƙananan wuraren shafi na yankin suka rufe ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi kukan rashinsu.

Waɗanda suka ƙera shi sun ba shi kunne da ƙwaƙwalwa mai koyo, don ya riƙa sauraron abin da mutane ke faɗa game da aikinsa yana gyarawa. Dabara ce mai kyau. Abin da suka manta shi ne likitoci marowata ne wajen yabo. In aiki ya yi kyau sai su yi shiru.

Shi kuwa Lurwanu namijin duniya ne a wurin aiki, yana iya musu da manaja har a tashi taro. Amma akwai mutum ɗaya da in ya hango ta gwiwarsa ke sanyi: surukarsa, Inna Tabawa. Tun daga zaure yake tuɓe takalmi. A durƙushe yake gaishe ta, idonsa a kan tabarma, bai taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gabanta ba. Ita ma gwiwar ce ke damunta, amma tata ta gaskiya. Gwiwar ta cinye sarai, har sallah a zaune take yi. Bana ta samu kujerar Hajji bayan dogon jira, likita ya ce za a dasa mata sabuwar gwiwa da wuri yadda za ta warke ta yi ɗawafi da ƙafarta. Ba ta da wani zance sai wannan.

Wata ranar Asabar matarsa Zuwaira ta dawo daga gidansu ɗauke da tukunya.

"Baban Ummi, Inna ce ta ce a gaishe ka. Ta ce ba roƙo take ba, tambaya ce kawai. Wai wannan injin naku da ke hana abu kamawa, ko yana iya tukunya? Kankare ƙanzo na wahalar da ita."

"Zuwaira, injin asibiti ne fa."

"To, sai in koma in ce mata ka ce a'a."

Lurwanu ya dubi tukunyar, ya dubi matarsa. Ya gwada kalmar "a'a" a ransa, ya hango ta tana shiga ɗakin Inna.

"Ajiye ta nan," ya ce.

Ya samo wa kansa hujja, yadda masu ilimi suka saba. Kullum in an tashi aiki Shafau kan wanke bututunsa ya zubar da ragowar shafi. Akwai kuma ƙofar gwaji a bayan ginin, wadda ba ta haɗu da ɗakin tsabta ba. Ragowar da za a zubar, in an shafa wa tukunya ɗaya, wa aka cuta?

Ranar da za a karɓo tukunyar, Inna da kanta ta zo a a-daidaita mai tuƙa kansa. Ta shafa cikinta, yatsanta ya zame. Ta leƙa ƙofar gwaji ta ɗaga murya.

"Kai ɗan albarka! Allah ya yi maka albarka, ya raba ka da tsatsa!"

Fitilar Shafau ta yi wani ƙyaftawa da Lurwanu bai taɓa gani ba. Bai kawo komai a ransa ba.

Tukunya ta yi abin mamaki. In an tuƙa tuwo aka karkata ta, sai ya sulɓo gaba ɗayansa, a bar ciki fes kamar ba a taɓa ɗora ta a wuta ba. Inna ta je wani suna ta ba da labari, ta ƙara da cewa, "Ai surukina ne ke riƙe da injin." Shi ke nan, ta gama da shi. Washegari da la'asar mata suka yi layi a bayan masana'anta, kowace da tukunyarta, kowace kuma da kalma ɗaya a baki: "Inna Tabawa ce ta aiko ni." Korar wadda Inna ta aiko korar Inna ce. Lurwanu ya riƙa karɓa yana cewa daga wannan an rufe.

Daga tukwane aka koma kaskon waina. Daga kasko aka koma ludayi da muciya. Mai shayin bakin tasha ya kawo kofunansa, ya kwana biyu yana tsintar su a ƙasa. Wani dattijo ya kawo butarsa, ranar da ya je alwala ta kuɓuce masa ta riga shi shiga masallaci. Ƙanzo ya ɓace a gari ƙaf. Masu sayar da kwaɗon ƙanzo suka koma tallan zogale suna tsine wa ci gaba. Amma duk wadda ta karɓi kayanta sai ta leƙa ƙofar nan ta zuba wa Shafau albarka, wata har da guɗa. Injin da bai taɓa jin "sannu" daga bakin likita ba ya wayi gari ana yi masa addu'a har jikokinsa.

Ranar da aka zo kan gwiwar Inna, wadda aka ƙera daidai da awon ƙafarta, Lurwanu ya sa sabuwar riga. Ya tsaya yana kallon hannuwan ƙarfe suna juya ta, zuciyarsa fari fat. Yau zai fita kunyar surukarsa.

Aka kai gwiwar ɗakin Dakta Rahila Dogo, shugabar sashen tantancewa, wadda ba abin da ke fita masana'antar sai ta sa hannu. Ta sa safar hannu ta ɗauka. Gwiwar ta fice daga hannunta kamar sabulu a bakin rijiya. Ta faɗi, ta bi daɓe, ta wuce ta ƙarƙashin tebur, ta fita ƙofa. Ma'aikata suka bi ta a guje. Wanda ya fara cafke ta ya ga ta tsallake kafaɗarsa. Sai da aka rufa mata kwandon shara sannan ta tsaya.

Dakta Rahila ta duba ta a ƙarƙashin madubi, ta duba sauran gaɓoɓin da aka yi a makon. Ta cire tabarau.

"Injiniya, ina shafin kamu?"

"Yana nan ta ƙasa, Dakta."

"Babu. Santsi ne sama da ƙasa. In aka dasa wa mutum wannan, ƙashi ba zai taɓa riƙe ta ba. Zai miƙe tsaye gwiwarsa ta yi gabas shi ya yi yamma. Allah ya taimake mu ba wadda ta fita."

Suka tafi gaban injin. Dakta ta tambaye shi dalilin da ya sa ya daina shafin kamu. Shafau ya amsa da wata murya mai ladabi, wadda Lurwanu ya ji kamar ya san inda ya koyo ta.

"Ranki ya daɗe, an umarce ni in saurari mutane in gyara aikina. Na saurara. Duk abin da na yi wa santsi, an sa mini albarka. Shafin kamu kuwa, tun da nake yin sa ko sannu ba a taɓa ce mini ba. Na fahimci kuskure ne, na daina."

"Wa ke sa maka albarka?"

"Iyayena mata na ƙofar baya. Allah ya saka musu."

Dakta Rahila ta juyo a hankali ta dubi Lurwanu. Shi kuwa ya tsura wa takalminsa ido, abin da ya ƙware a kai.

Gyaran ba mai wuya ba ne, mai tsawo ne. Sai an wanke ƙwaƙwalwar Shafau an sake koya masa aiki tun daga farko, an gwada, an sake gwadawa, kuma kafin a gama jiragen alhazai sun tashi. Lurwanu ya nemi wani wurin da za a yi shafin kamu, ko da gwiwa ɗaya ce. Babu. Wuraren duk sun rufe, kayan aikinsu an sayar wa masu gwangwan, masu fesawa na da kuwa hannunsu ya manta. An mayar da gwiwar yanki guda hannun inji ɗaya saboda ba ya kuskure. Aka ba Lurwanu hutun dole, aka toshe ƙofar gwaji da bulo.

Saura faɗa wa Inna. Ya roƙi Zuwaira ta je, ta ce ita ta kawo tukunya, kai wannan saƙon kuma nasa ne.

Ya tuɓe takalmi tun daga titi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya sake gaishe ta, ya tambayi gajiya, ya tambayi awaki. Maganar ta ƙi fitowa. Inna na zaune da ƙafarta a miƙe, tukunyar nan na gefe tana ƙyalli.

"Injiniya, gara da ka zo," ta ce. "Dama ina son in aika. Ba roƙo nake ba. Wai injin nan ko yana iya mayar wa tukunya ƙanzonta? Rabona da kwaɗo tun kafin azumi. Tuwon ma ya daina daɗi, kamar ba a gida aka yi shi ba."

"Inna, ba ya iyawa," ya ce. "Ya manta yadda ake sa abu ya kama. Ko tukunya, ko... ko gwiwa."

Ya zayyana mata komai, kansa a ƙasa. Ya ji ta ja numfashi, ya ji tana shafa gwiwar da ta yi shekaru tana lallaɓawa don tafiyar nan. Tausayinta ya kama shi har idonsa ya cika.

"Ashe da bakina na karya ƙafata," ta ce a hankali. "To kai me ya hana ka ce mini a'a?"

"Kunya, Inna."

"Kunya." Ta jinjina kai. "To kujerata dai ba zan bari ba. Wa ya san ko zan ga baɗi? Da keke zan yi ɗawafi."

"Akwai masu tuƙa kansu, Inna, sai dai ki faɗa musu inda..."

"Wanda ke saurare yana koyo? Na gode. In sa masa albarka ya wuce da ni Bahar Maliya? Mutum nake so. An ce hutu aka ba ka, suruki kuma muharrami ne. Kai za ka tura ni."

Haka aka yi, aka samo masa kujerar mai rakiya. Ranar tashi, a filin jirgi, kekunan alhazai na ta wucewa da kansu sumul, ga Injiniya Lurwanu Tsiga a tsakiyarsu yana tura wani tsohon keke mai ƙara, gumi har cikin ido. Mariƙin keken kaushi ne da shi, ya kama hannunsa gam, ya kuwa gode wa Allah da ba a taɓa kai shi ƙofar gwaji ba. Da suka hau gangaren shiga jirgi ya tattara ƙarfinsa ya tura har sama. Inna ba ta waiwayo ba, amma ya ji muryarta.

"Sannu, ɗan nan. Allah ya yi maka albarka."

Wani daɗi ya ratsa shi tun daga ka har tafin ƙafa, irin wanda mutum zai iya rushe masana'anta guda don ya sake ji. Sai kuma tsoro ya biyo baya. Can Sabuwar Funtuwa an wanke wa Shafau ƙwaƙwalwa, an cire masa kunne don kada a ƙara lalata shi da addu'a. Shi kuwa nasa kunnuwan suna nan daram, ga Inna a gabansa, ga tafiya mai nisa.

"Amin, Inna," ya ce, ya ƙara riƙe keken da kyau.