Wadda Ta Karya Ƙafar Tuva

A barandar asibiti suka fara haɗuwa, wata Litinin da hantsi. Delaney Pruitt ta fi rabin awa tsaye a bakin wani ɗaki da furanni a hannu, ta kasa ƙwanƙwasawa. A ciki Tuva Nyström ce kwance, 'yar shekara sha tara, wadda Delaney ta karya wa ƙashin ƙwauri a wasan ƙwallon ƙafa na ranar Asabar.

Shekararta biyu ke nan da baro Nebraska ta Amurka tana tsaron baya a wata ƙungiyar ƙwallon mata a garin Umeå. Ba ta taɓa karɓar jan kati ba sai ranar.

Ƙofar ta buɗe, wani dogon saurayi ya fito, saura kaɗan ya bangaje ta.

"Yi haƙuri. Wurin ƙanwata kika zo?"

"A'a," ta ce da sauri. "Ɓatan ɗaki na yi."

Ya dube ta ya yi murmushi. "Kin ma fi marasa lafiyar kama da mara lafiya. Zo ki sha kofi."

Sunansa Alvar, injiniya ne a mahaƙar ma'adinai ta garin Kiruna, ya ɗauki hutu ya zo jinya. Ya ce shi ƙwallo ba ta dame shi ba, ko bidiyon karayar ya ƙi kallo.

"An ce wata Ba'amurkiya ce. Ke ma harshenki kamar na can."

Ta ajiye kofin. "Daga Kanada nake. Sunana Laney, karatu na zo."

Ƙaryar ta riga tunaninta fita. Da ya nemi lambarta, ta ba shi.

An dakatar da ita wasa uku, kuma a makonnin nan uku kullum suna tare. Suna yawo a bakin kogi, yana koya mata cin burodin kirfa da hannu cikin safa, tana yi masa dariyar tsawonsa. Saƙonsa ne ke tashinta da safe:

"'Yar Kanadata, yau rana ta fito, amma ban yarda da ita ba sai na gan ki."

Takan amsa: "Dogo, ka cika zaƙin baki." Sai ta kife wayar, ta zauna bakin gado. Sau nawa ta rubuta masa gaskiya ta goge.

Da aka sallamo Tuva, ya gayyace ta cin abincin Lahadi a gidansu. Ta yi niyyar gaya masa a mota. Ta buɗe baki, ya kama hannunta ya ce, "Mama tun jiya take girki saboda ke." Sai ta fasa faɗa.

Mahaifinsa Gunnar ne ya buɗe ƙofa. Shi ne ya fara ɗaura wa Tuva takalmin ƙwallo, kuma yana filin ranar Asabar ɗin. Fara'arsa ta ɗauke.

"Alvar, ka san wa ka kawo min gida?"

"Laney ce, Baba."

"Pruitt ce! Mai lamba huɗu. Ita ta karya ƙanwarka."

Alvar ya juyo yana jira ta musa. Ba ta musa ba. Daga falo ta hango Tuva a kujera, ƙafa cikin filasta, tana kallonta.

"Kanada," in ji Alvar a hankali.

Da ƙafa ta koma gida. Da yamma ta tura masa: "Ban cancanci ka amsa ba. Duk abin da na gaya maka game da kaina ƙarya ne, ban da son da nake maka." Bai amsa ba. Washegari ya koma Kiruna.

Ta dawo fili, amma ba ita ba ce. Duk 'yar gaban da ta tunkaro ta, sai ta ja da baya ta bar mata hanya. Wasa biyu koci ta ajiye ta a benci. Ta kuma ji a gari cewa Gunnar ya soma gayyatar Ebba, tsohuwar budurwar Alvar, cin abincin Lahadi. Da wata ƙungiya a Amurka ta neme ta, ta soma haɗa akwati.

Sai ga saƙo daga lambar da ba ta sani ba: "Tuva ce. Gobe ƙarfe goma za a yi min gashin ƙashi a asibiti, babu mai kai ni. An ce kina da mota."

A motar Tuva ba ta yi kwana-kwana ba. "Na kalli bidiyon nan ya fi sau hamsin. 'Yan ƙungiyarku sun ce tsautsayi ne. Haka ne?"

Delaney ta tsayar da motar a gefen titi. "Sau biyu kika wuce ni, 'yan kallo suna min dariya. Raina ya ɓaci. Na san na makara, amma na shiga. Ban yi nufin karya ki ba, sai dai na yi nufin ki ji a jikinki."

Tuva ta juya ta kalli waje. "Likita ya ce zan yi tafiya, zan yi gudu ma. Amma irin wancan wasan ya wuce." Ta share ido da hannun riga. "Ban yafe ba tukuna. Ja mu tafi, za mu makara. Jibi ma ki zo."

Delaney ta zazzage akwatinta. Wata huɗu tana kai Tuva asibiti, tana riƙe ta a tsakanin ƙarafan koyon tafiya, tana shan zagi idan ciwo ya yi ciwo. Wata rana Tuva ta ce, "Na ga wasanku. Wannan tsayuwar da kike yi kamar sandar fitila ba za ta ɗora min ƙafa ba. Ki buga ƙwallo, don Allah." A wannan makon kuma ta kira yayanta a waya a gaban Delaney.

"Kai sakarai, Ebba ta gaji da cin dankalin Mama ita kaɗai. Wadda kake so tana nan, ta rame."

Ranar Juma'a Alvar ya same ta a bakin filin atisaye.

"Abu ɗaya nake son sani," ya ce. "Tausayi ne ya sa kika bi ni, don ki rage wa kanki nauyi?"

"Kowace rana da kai ƙara min nauyin take yi, Dogo. Kuma na kasa barin ka."

Ya sauke numfashi. "To, 'yar Nebraska. Sai mu sake gaisawa. Sunana Alvar."

Gunnar ya fi kowa wuya. Shekara guda in ta shigo sai ya fita rumfar itace. Ba ta daina gaishe shi ba. Ranar da Tuva ta samu takardar shaidar koya wa yara ƙwallo, ta taka har gida ba sanda, sai ya fito ya tarar da Delaney a tsakar gida.

"Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar ƙashin nan," ya ce.

"Ni ma."

Ya dube ta da kyau. "Na sani. Shigo, miya za ta huce."

A watan Yuni aka ɗaura auren a ƙaramar majami'ar ƙauyen su Alvar, iyayenta sun zo daga Nebraska. Tuva ce babbar ƙawar amarya, ta rako ta tana ɗan ɗingishi. Delaney ta ga ɗingishin, hawaye suka zubo mata.

"Kar ki ɓata kwalliyar da na sha wahala a kai," Tuva ta raɗa mata. "Na yafe tuntuni. Kawai ina jin daɗin direba ne."

A wurin walima Gunnar ya miƙe. "Na taɓa korar yarinyar nan daga ƙofata. Yau 'ya'yana mata biyu ne. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya albarkaci gidanku."

Jama'a suka amsa. Alvar ya matse hannun matarsa, ita kuma ta kwantar da kai a kafaɗarsa.