Koren Tafkin Zakka

A bakin tafkin Zakka Tayyib ya fara ganin Mubaraka, tana ture koren da ya lulluɓe ruwan da gindin ƙwarya kafin ta ɗiba. Shi duba-gari ne daga Safana, ya zo ɗaukar ruwan gwaji, amma ya tsaya sororo da kwalba a hannu.

"Malam, ruwan ka zo dubawa ko ni?" ta ce tana danne dariya.

Kafin kasuwa ta zagayo ya san hanyar gidansu. Sai dai zancen nasa rabi soyayya ne, rabi tsoro. Ya gaya mata tunda 'yan bindiga suka hana shiga daji, shanun ƙauyuka duk nan suke sha, kashinsu kuwa shi ke ciyar da ƙananan ƙwayoyin da suka mai da ruwan kore. In zafin bazara ya tsananta, ruwan ya kwanta ba motsi, sai su yi dafi. Tafasawa ba ta kashe shi.

Nafi'u mahauci, wanda ya daɗe yana son ta, shi ya kai wa mahaifinta, Malam Maigandi, cewa baƙon nan so yake a rufe tafkin. Malam Maigandi kuwa kakansa ne ya haƙa shi.

"Wanda ya kira ruwan kakana guba ba ya auren ɗiyata," in ji shi.

Mubaraka ta yi kuka har ta gode Allah, sannan ta tura wa Tayyib saƙo: "Hasken idona, ka je ka ce wa Baba kuskure ka yi. Ka fi son kwalbarka da ni?"

Amsa ta zo: "Sanyin raina, gara in rasa ki kina raye. Don Allah kar ki ƙara sha."

Ta yi fushi, ta daina ɗaga wayarsa. Amma ruwan ma ta daina sha, daga famfon garin Tsaskiya take saye a ɓoye.

Zafi ya ƙaru. Kwaɗi suka yi shiru. Wata safiya iska ta tara koren a mashaya, kauri kamar miyar kuka, bijimin Maigandi ya sa baki ya sha. Kafin azahar yana kwance yana karkarwa, ya mutu kafin a kawo wuƙa.

Tsohon ya daɗe tsaye a kansa, sannan ya aika a kira Tayyib.

Ranar Juma'a aka ɗaura aure, da ruwan jarka aka dama kunu. Mubaraka ta durƙusa gaban mahaifinta, farin ciki da tsoro sun cika mata ƙirji, ta roƙe shi ya biyo su Safana. Ya girgiza kai, ya dafa kanta.

"Allah shi yi maku albarka, shi ba ku zuri'a tagari. Tayyib, ɗauke ta yau. Mu da shanu ba mu da wani ruwan."