Suna Ɗaya, Gida Biyu

"Motoki, juya motar nan!"

"Mun iso fa, Chizu..."

"Na ce ka juya! Wa ya aike ka?"

Bai juya ba. Ya dai rage gudu, yana murmushin mutumin da yake ganin ya yi abin kirki. Tun safe da suka baro Tokyo yake wannan murmushi. Shi ya tsara musu hutun ƙarshen mako: Asabar su zaga gidajen matsar inabi na Katsunuma, Lahadi su je magangarar ruwa ta Senga. Sun shiga gida biyu, Chizuru ta ɗanɗana farar giya ta ɗanɗana ja, shi kuwa saboda tuƙi sai ruwan inabi zalla irin na yara, yana cewa ta sha nata ta sha nasa. Ta yi dariya har da hawaye. Ashe gida na gaba a tsarinsa gidan ubanta ne.

Rabonta da gidan nan tun jana'izar yayanta Naoya, wanda shi ne zai gaji gonar da wurin matsar.

"Duk daɗewarmu ban taɓa gaida mahaifinki ba," in ji Motoki. "Ni ba ɓarawo ba ne, abar ƙaunata. Ta ƙofa nake so in shigo."

"Ba ka san abin da ke bayan ƙofar ba."

Yaran zamani ke nan. Gani suke kyakkyawar niyya ta isa ta buɗe ko'ina, ba sa tsayawa su tambayi dalilin da ya sa aka rufe.

Sun sami tsoho Hosaka a bakin rumfar inabi, hannayensa a baya. Ya daɗe yana kallon 'yarsa.

"Kin rame."

"Kai ma, Baba."

"Wane ne wannan mai fararen takalma a gona?"

Motoki ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa. "Motoki Segawa nake, ranka ya daɗe."

"Ku nawa ne a wurin babanka?"

"Ni kaɗai ne. Ya rasu ma."

Tsohon bai ƙara tambaya ba. Chizuru ta san abin da ya auna. Mahaifiyar Motoki na can arewa, a wani garin masunta na Aomori, ita kaɗai. Kowace safiya tana ajiye shinkafa da turare gaban hoton mijinta, ita ke share kabarin zuri'ar Segawa da sanda a hannu. Motoki ya yi mata alkawari idan sanyi ya wuce zai dawo gida gaba ɗaya, da matarsa.

Suka shiga ƙarƙashin rumfar. Nonon inabi na reto a saman kawunansu, kowanne da 'yar hularsa ta takarda mai kare shi daga ruwan sama. Da suka kai tsakiyar gona sai Motoki ya ɗaga waya.

"Yauwa! Ga masu kyau nan, Chizu. Waɗannan ba a ɓata su da takarda ba. Tsaya in ɗauke ki hoto."

Ta ɗaga kai. Daga nan har ƙarshen gona babu hula ko ɗaya. 'Ya'yan sun tsattsage, wasu sun yi baƙi, zanzaro na shawagi a kansu. Ubanta, da ya taɓa hana ta abincin rana don ta tsallake nono guda!

"Baba, me ya faru a nan?"

"Takarda ce ta ƙare."

"Takarda? Na ga ɗaurinta a rumbu da muka wuce!"

"To ni na ga dama."

Sai da suka shiga gida ta gane. Ya je ɗauko kofuna a kan kanta, ya kai hannu, hannun ya tsaya daidai kafaɗa yana rawa. Ya ja kujera da ƙafa ya hau, ya yi kamar ba kowa a ɗakin. Mutumin da duk aikinsa a sama da kai yake, hannu ya daina ɗaguwa, kuma bai gaya wa kowa ba.

Aka zauna kan tabarma, ga taliya mai faɗi da kabewa tana tururi. Tsohon ya jawo ƙatuwar kwalba ya cika kofunan shayi.

"A nan da kofin shayi muke sha. Masu dogon wuyan nan na baƙi ne. Sha."

"Ina tuƙi, Baba..."

"Akwai shimfiɗa."

Motoki ya kurɓa, ya ajiye, ya dafa tabarma da hannu biyu. "Na zo neman auren Chizuru ne."

"Na sani. Ba gona ka zo gani da takalman nan ba." Tsohon ya juya kofinsa. "Ka san doka, mata da miji suna ɗaya suke ɗauka. Gidan nan idan ba ɗa namiji, mijin 'ya ne yake barin sunansa ya zama Hosaka, ya zauna ya riƙe gona. Haka mahaifina ya shigo. Amma kai ɗa ɗaya ne, ba zan roƙi gwauruwa ta ba ni abin da ya rage mata ba. Ɗauke ta ku tafi."

"Baba!" in ji Chizuru.

"Maƙwabcina ya daɗe yana son gonar. Zai sare inabin ya gina wurin ajiye motocin baƙi. Ni kuma in huta."

"Ka huta? Kai?"

"Ci abincinki, yana hucewa."

Da ya yi mata tsawa, da ya ce dole, da ta sami abin da za ta yi wa tawaye. Sai ya sake ta, kuma sakin nan ne ya ɗaure ta.

Washegari da hantsi suka gangara matakalar dutse zuwa magangarar. Ruwan na zubowa daga tsagin dutse fari fat, ƙararsa ta cika kwazazzabon, feshinsa na jiƙa fuska. Motoki ya ciro ɗan akwatin zobe. Sai da ya ɗaga murya kafin ta ji shi.

"Na yanke shawara! Zan zama Hosaka!"

"Mama fa?"

"Zan yi mata bayani..."

"Me za ka ce mata? Ta share kabarin har ranar da ƙafarta ta gaza, sannan ciyawa ta gaje shi?"

"Mu ɗauko ta nan!"

"Matar da ta ƙi zuwa Tokyo ko na kwana biyu, wai kada hoton babanka ya wayi gari ba shinkafa?"

Ya ce, "To ki biyo ni. Ai ya yarda, da kunnenki kin ji."

"Na ji. Na kuma ga hannunsa."

"Chizu, ina son ki! Wannan ba komai ba ne?"

"Shi ne komai, rabin raina... shi ya sa. Idan ka zauna, duk ranar da aka kira ka Hosaka mahaifiyarka za ka tuna. Idan na bi ka, duk inabin da na gani a kasuwa sai ya tsaya mini a wuya. Wata rana za mu dubi juna mu ga wanda ya rushe gidan wani. Gara mu rabu kana kallona da idon nan."

Ta rufe akwatin da tafinta, ta tura masa a hankali har ƙirjinsa. Ya riƙe hannun, yana kuka irin na mutumin da bai saba ba.

"Kai, ango da amarya!" Wata tsohuwa ce mai jar hula, mijinta na biye yana haki. "Kawo wayar in ɗauke ku. Wannan tsohon nawa duk hoton da ya ɗauka sai ya yanke kai."

"Kanki ne ba ya tsayawa wuri ɗaya," in ji mijin.

Ba su iya cewa a'a ba. Suka jera, ruwan na bayansu.

"Ku matso mana! Kamar baƙi? Feshin nan duk ya jiƙa muku fuska. To, murmushi!"

Suka yi murmushi.

"Madalla, ya yi kyau. Ku tsufa tare, har ku gaji da juna kamar mu."

Suka sunkuya suka yi godiya. Tsofaffin suka wuce suna ta gardama.

Matakalar hawa tana da santsi. Motoki ya shige gaba, ya juyo ya miƙo mata hannu. Chizuru ta dubi hannun har idonta ya cika, sannan ta kama ƙarfen gefe ta fara hawa.