Tambarin da Aka Tsinta a Hanyar Masama

Ranar Juma'a ce, cikin bazarar 1993. Da hantsi wani mai keke ya shigo caji ofis na Gwandu, ya ce mota ta kaɗe mace a hanyar Masama. Macen ta mutu. Direban ya gudu.

Sufeto Lukuman Diggi ya ɗauki hularsa, ya kira Saje Hassan, suka hau babur.

Sun tarar an lulluɓe gawar da zane. Ƙwarya ta fashe, nono ya malale a ƙasa, ƙuda sun taru. Sunanta Hajjo, matar wani makiyayi Sule, daga rugar da ke bayan Masama. Ta bar 'ya'ya uku. Ƙaramin bai kai yaye ba.

Maƙwabciyarta Kulu ce ke tare da ita. Ta ce farar mota ce, kuma ba ta taɓa ganin irin gudun ba. Hajjo ta riga ta kauce daga hanya, motar ta ƙwace ta bi ta har gefe. Direban ya tsaya, ya yi baya har ya bugi kututturen gawo, ya leƙo, ya ja motarsa ya yi wajen Gwandu.

"Ya ga tana da rai?" in ji Sufeto.

"Ya gani. Ƙafarta tana motsi."

"Kin ga fuskarsa?"

"Hajjo nake kallo."

Sufeto ya je gindin kututturen ya tsuguna. A cikin ƙasa akwai wani abu mai ƙyalli, tsawon ɗan yatsa. Tambarin bayan mota ne, baƙaƙe uku: GTI.

Saje Hassan ya duba, ya girgiza kai. Ya ce a duk Gwandu mota ɗaya ce ke da wannan tambari. Fijo 505 ce, irin mai babban inji da ke tsere wa sauran 'yan'uwanta. Fara ce. Ta Malam Abdulgani ce.

Malam Abdulgani tsohon malamin dabbobi ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana yawo ruga-ruga yana yi wa shanu allura. Babu makiyayin da bai sha ruwa da shi a ƙwarya ɗaya ba. Ɗansa ne ya aiko masa da motar daga Kwatano bayan ya yi ritaya. Ba ya gudu da ita. Jaki ma yakan wuce shi in yana kallon gonaki.

Sun iske shi a ƙofar gida bayan an sauko daga masallacin Juma'a. Motar tana ƙarƙashin darbejiya. Sufeto ya zagaya bayanta. Babu tambari.

"Malam, ina ka je da safe?"

"Garkata."

"Wa ya gan ka?"

"Albasa."

"Ina tambarin motarka?"

Tsohon ya taso, ya duba, ya daɗe yana duba. "Yana nan da safe. Da hannuna na goge shi."

Sufeto ya shafa wurin. Ƙananan huji biyu ne a jikin but ɗin, inda ƙafafun tambari ke shiga. Kusa da su fenti ya karce, sabon karce, siriri. Ya juya abin da ya tsinta. Bayansa ba shi da ƙafa ko ɗaya. Busasshen gam ne kawai a manne.

Bai samu damar yin magana ba. Labari ya riga su zuwa. Makiyaya sun cika layin da sanduna, Sule yana gaba. Bai ɗaga sanda ba. Ya zo har gaban tsohon, ya tofar da yawu a ƙasa kusa da takalminsa.

"Kai ka raɗa wa ɗan Hajjo na fari suna," in ji Sule. "Ka bar ta a ƙasa kamar akuya."

Malam Abdulgani ya gyara hularsa.

DPO ya zo da kansa. Ya ce magana ta ƙare: farar mota, tambari a wurin, tambari ya ɓace a nan. A rufe shi, ran Litinin a kai shi kotu a Birnin Kebbi. Sufeto ya nuna masa hujin da gam ɗin. DPO ya ce shi ba bakanike ba ne, kuma ba zai bari a ƙona masa ofis saboda huji biyu ba.

Haka aka tuɓe wa mutum mai shekara sittin da takwas hula da takalmi a gaban kantar ofis, aka tura shi sel tare da ɓarawon kaji. Kuratan da suka yi masa haka, wasu iyayensu shi ya ceto musu garke a shekarar annoba. Ba wanda ya ji kunya.

Ran Asabar da safe Sufeto yana zaune a rumfar Larai mai abinci, bayan caji ofis. Waina tana hucewa a gabansa, shi yana ta jujjuya tambarin. Larai ta miƙa hannu ta karɓa ba tare da ta nemi izni ba.

"Yallaɓai, wannan ai zubin tukunya ne."

"Me kika ce?"

Ta kifar da wata sabuwar tukunyar alminiyam, ta ce ya shafa gindinta, sannan ya shafa bayan abin. Duk kaushi ɗaya ne, ƙananan ramuka kamar an yayyafa gero. Ta ce sawun yashi ne. A akwatin yashi ake zuba irin waɗannan tukwane, kuma duk nata daga Kalgo take sayo su, wurin Mamman mai tukwane.

Sufeto ya bar wainar.

Maƙerar Mamman tana bayan kasuwar Kalgo. Tarin gwangwanaye a gefe, tsofaffin fistin na mota a gefe, akwatunan yashi a jere. Mamman ya ga kaki, ya tashi yana goge hannu.

"Ka san wannan?"

"Ban taɓa gani ba, ranka shi daɗe. Ni tukunya da ludayi na sani."

Saje Hassan ya tura ƙafa ƙarƙashin benci, ya jawo wani kwano. A ciki akwai ludayi biyu da suka lalace, da tambari guda wanda rabinsa bai fita ba.

"Wannan ludayin wace miya ce?" in ji Sufeto.

Mamman ya zauna a ƙasa. Ya ce bara aka kawo motar Malam Abdulgani fenti a garejin da ke kusa. Mai fenti ya cire tambarin ya ajiye. Shi kuma ya are shi na ɗan lokaci, ya danna a yashi, ya mayar. Direbobin tasha ne suka matsa masa. Fasinja in sun ga baƙaƙen nan uku a bayan mota, ita suke rububin shiga, wai ta fi sauri. Ya zuba guda shida, ya goge su da toka har suka yi ƙyalli, aka manna da gam.

"Injin fa? Shi ma ka zuba musu?"

"A'a, ranka shi daɗe. Inji yana nan yadda yake."

"To me ka sayar musu?"

Mamman ya sunkuyar da kai.

"Ƙarya ka narka," in ji Sufeto. "Ta kashe mace, ta rufe tsoho. Ba ni sunayen."

Ya bayar. Duk shidan direbobin tashar Kalgo ne, duk Fijo, huɗu farare. Sufeto ya tambaye shi ko wani ya dawo neman sabo tun jiya. Ya ce ko an dawo ba za a samu ba, don ran Laraba kaɗai yake hura wuta, kowa ya sani.

Saje ya yi murna. Ya ce aiki ya yi sauƙi: motar da ba ta da tambari, ita ce.

Suka sa shugaban tasha ya tara motocin. Sai da rana ta take kafin ta ƙarshe ta dawo daga Jega. Aka jera su a tsakiyar fili, inda babu inuwa. Saje ya bi bayansu ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa. Ya dawo fuskarsa a murtuke.

"Yallaɓai, duk shidan da nasu."

Direbobi suka fara dariya. Wani ya ce ko 'yan sanda ma suna son a zuba musu na babur. Wani ya ce a sallame su, fasinja na jira.

Sufeto bai yi dariya ba. Ya yi lissafi a ransa. An zuba shida. Ɗaya yana aljihunsa. Ga shida a gabansa. Ke nan akwai wanda ba na Mamman ba. Ya sa hannu a aljihu, ya ciro na wurin gawar, ya ɗora a kan rufin mota. Ya sa aka kawo masa ruwa, ya sha a hankali. Ya bar su tsaye cikin rana har dariyar ta ƙare.

Sannan ya taɓa wanda ya ɗora. Ya janye yatsa.

"Kowa ya tsaya bayan motarsa," in ji shi. "Kowa ya ɗora tafin hannu a kan tambarinsa. Kada wanda ya ɗaga sai na ce."

Na farko ya ɗora, ya fizge hannu yana yarfewa. Na biyu ma haka. Alminiyam ne, ya sha ranar Kalgo. Biyar suka kasa, suna hura tafi suna tsaki.

Na shida yana tsaye da hannunsa a manne. Sunansa Adamu, dogo, da baƙin tabarau da agogo mai ruwan zinariya. Motarsa fara ce. Ya dubi sauran ya yi murmushi.

"Ba zafi?" in ji Sufeto.

"Ni nawa ba na mai tukwane ba ne, Yallaɓai. Na ainihi ne. Tun yaushe nake gaya wa waɗannan, ba su yarda ba."

"Na yarda. Na ainihi roba ce aka shafa wa ruwan azurfa. Ina ka samo shi?"

"Kaduna."

"Yaushe?"

"Ya kai wata uku."

Sufeto ya sa wuƙar aljihu ya ɗaga gefen tambarin. Ya fita da sauƙi. Gam ɗin bai gama bushewa ba, yana jan zare. A bayansa akwai gindin ƙafafu biyu da aka karye. Ya ɗaga shi sama don kowa ya gani.

"Wata uku gam bai bushe ba?"

Ya zagaya gaban motar. Fitilar hagu sabuwa ce fil, ta dama ta dushe. A cikin ramukan ragar gaba akwai wani farin abu da ya bushe, wanda ruwan wanki bai kai gare shi ba. Saje ya kankaro da farce, ya sansana.

"Nono ne, Yallaɓai."

Shugaban tasha ya cire hularsa. Ɗaya daga cikin direbobin ya ce, a hankali, ai jiya da safe Adamu ya rantse a gaban mai shayi zai riga kowa isa Gwandu. Ana ta yi masa ba'a cewa baƙaƙe kawai ya saya, shi kuma ya ce har injin ya canja.

Adamu ya cire tabarau. Ya jingina da motar.

Ya ce birki ne. Bakanike ya gaya masa tun sati biyu cewa ya cinye, ya ce sai wani mako. Ya taka, bai kama ba. Da ya isa Gwandu ya ga bayan motar babu komai, ya san inda abin ya faɗi, ya san kuma in ya koma tasha haka za a tambaya. Ya ga motar tsohon a wajen masallacin Juma'a. Da liman ya tayar da salla, kowa ya yi sahu, shi ya fito da sukudireba.

"Ana salla?" in ji Sufeto.

"Ana salla."

"Ka san a kansa zai faɗa."

"Na ce babban mutum ne, ba za a riƙe shi ba."

"Matar fa? Asibiti nawa ka wuce?"

Adamu ya dubi ƙasa.

"Da ka ɗauke ta, da haɗari za mu rubuta. Saje, sa masa ankwa."

Sufeto ya juya ga sauran biyar. Ya ce kowa ya ɓamɓare nasa yanzu, da hannunsa, a gaban fasinja. Suka ɓamɓare. Aka zuba su a kwano, aka ba Mamman ya riƙe, shi ma aka ce ya shiga motar da za a tafi da Adamu.

Da la'asar suka isa Gwandu. DPO ya karanta jawabin Adamu, ya ce da ma shi ya ji a jikinsa ba tsohon ba ne. Sufeto ya karɓi mabuɗi ya buɗe sel da kansa.

Malam Abdulgani ya fito. Ya sa takalminsa, ya karkaɗe hularsa, ya sa. DPO ya miƙo masa hannu. Tsohon ya dubi hannun, ya wuce.

Makiyayan suna nan a bakin ƙofa tun jiya. Sufeto ya tsaya a kan dakali ya gaya musu abin da ya faru, da ƙarfi, ba ragi. Sule ya saurara har ƙarshe. Sandar da ke hannunsa ta zame ƙasa. Ya zo gaban tsohon ya durƙusa, ya kasa ɗaga ido.

A lokacin aka shigo da Adamu. Da ya ga tsohon ya tirje.

"Baba, don Allah ka yafe mini."

Malam Abdulgani ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Nawa kwana ɗaya ne," in ji shi. "Ga mai yara uku nan. Roƙe shi."

Adamu ya juya ya dubi Sule. Saje Hassan ya ja shi ciki.

Tsohon ya kama kafaɗar Sule ya ɗaga shi.

"Tashi. Wa ke shayar da ƙaramin?"

"Ba kowa, Malam. Tun jiya kuka yake."

"To me muke yi a nan?"

Ya miƙa wa Sufeto hannu, ya karɓi mabuɗin motarsa da aka riƙe, don ya kai Sule ruga.