Kwamfutar da Ba a Kashewa

Ranar Litinin da safe Hajiya mai shagon labule ta buɗe ofishinta ta tarar da ƙarƙashin tebur wayam. Kwamfutar ta ɓace, sai shatin gindinta a ƙura.

Tsohuwar kwamfuta ce, ko kyauta aka ba ka sai ka yi tunani. Amma a cikinta shafin intanet na shagon yake zaune. Ɗanta ne ya haɗa mata shi a kai don kada ta yi hayar wuri a wajen wani kamfani, ya tafi karatu abinsa. Hotunan kaya, lambobin masu saye, odar da ba a kai ba, duk suna ciki, kuma babu kwafi ko ɗaya. Idan aka kashe ta, shafin ya mutu. Shi ya sa dokar ofishin guda ce: kada a kashe. Ko minti biyu shafin ya ɗauke, Hajiya za ta bugo waya ta wanke kowa tas.

Sajan ɗin 'yan sanda da ya zo ya same ta a zaune.

"Yallaɓai, an kashe ni," ta ce. "Da ma gobe zan dawo daga tafiya, Allah ne ya dawo da ni yau."

Sajan ya fara da mai gadi.

"Baba, me ya fita tun Asabar?"

"Ko allura, yallaɓai. Jakar kowa sai na leƙa. Kwalayen sito kaɗai ba na buɗewa, su kuwa sai motar kai kaya ta zo da hantsi."

Sakatariya kuwa ta rantse ta tashi ta bar kwamfutar tana gurnaninta, kuma mai gadi ya ga fitarta da 'yar jakar hannu. Sai Dogo, ƙanin mijin Hajiya, mai riƙe da makullin sito.

"Ɓarayin waje ne," ya ce. "Ta taga suka shigo."

Sajan ya dubi tagar. Ko mage sai ta rage tumbi kafin ta bi ta nan.

"Hajiya, yaushe shafin ya daina buɗewa?"

Ta ciro waya don ta nuna masa, sai ta yi sak. Ga shafin nan garau, labulaye reras.

"Ikon Allah! Yana buɗewa!"

"To share hawayenki. Intanet ɗin ofishin nan kwamfutar take kamawa, ko? Tana cikin ginin nan, kuma a kunne take. Dogo, buɗe mana sito."

Makullin ya yi ta zille wa Dogo kafin ya shiga. Sajan ya ce kowa ya yi shiru. Can bayan dilolin yadi wani kwali yana gurnani a hankali. An manne shi kamar sauran, amma an huda masa ramukan shan iska, waya ta fito ta gefe zuwa soket. Ya ɗora hannu, ya ji ɗumi.

"Ɓarawon waje fizge waya zai yi ya gudu," Sajan ya ce. "Wannan ɓarawon ya san idan shafin ya daɗe a mace za ki bugo, asiri ya tonu. Sai ya ɗauko ta da sauri ya sake kunnawa a nan, yana jiran motar kai kaya, tunda Baba ba ya buɗe kwali. Har iska ya ba ta don kada ta yi zafi. Makullin nan kuwa mutum ɗaya ke riƙe da shi."

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Yaya, shagona nake son buɗewa. Lambobin masu sayen kawai nake so."

Hajiya ko kallonsa ba ta yi ba. Ta durƙusa ta rungume kwalin tana hamdala, dariya da kuka a haɗe. Wallahi ko ɗanta ne ya dawo daga karatu, iyakar abin da za ta yi ke nan.

"Yau ɗin nan a yi mata kwafi," Sajan ya ce. "Yanzu dai zan tafi da ita ofishinmu, shaida ce."

Ya miƙa hannu zai zare wayar daga soket.

"Kada ka kashe!" Hajiya da sakatariya da mai gadi suka kwatsa a tare.

Muryar Dogo ta fi ta kowa ƙarfi.